Risibar da na saya a Sabon Gari, da gaskiyar maganar tashoshi masu alamar dala

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda yake shirin sayen risiba a Kano, irin wadda ba a biyan kuɗin wata, dan Allah ya ɗan tsaya ya karanta wannan kafin ya shiga kasuwa. Wani shago ne a Sabon Gari cikin layin masu kayan wuta, a nan na sayi risiba da dish, yaran shagon suka zo har gida suka ɗaura min, kuma zafi ya wuce a kai damina ma ta wuce a kai, don haka ina ganin na isa in faɗi abun da na gani. Gaskiya na yaba da shagon, mai shagon ma ya fi kayan burge ni, amma akwai inda suka gaza kuma zan faɗa.

Shagon ba wani babba bane, kanta ne cike da kwalaye har sama, su Strong su Tiger su Starsat da kuma ƙananan nan na China da ake maƙalawa a bayan talabijin, a waje kuma dish ne jingine manya da ƙanana da nadin waya. Akwai talabijin ɗaya a kunne da yake gwada wa mutum kaya a gabansa kafin ya biya, wannan kaɗai ya isa a yaba don wasu a kwali za su miƙo maka suce kaje gida ka gwada. Tambayar da kowa yake yi idan ya shigo ita ce ni ma na yi, nace Alhaji wacce ce take buɗe ƙwallo duka, Firimiya da komai? Sai yace min, Malam in ƙwallon Firimiya kake so kullum babu yankewa kaje ka sayi dikodar masu ita ka dinga biya, wannan da kake gani na tashoshin kyauta ne, duk wanda yace maka akwai risibar da take buɗe komai har abada to kuɗinka yake so. Wlh wannan maganar ce ta sa na tsaya a shagon, saboda ciniki ne a gabansa yana iya ce min eh ya karɓi kuɗi, amma bai yi ba.

Abu na farko da ya kamata mutane su gane, ba duk baƙin allo bane kulle. Wani lokacin sigina ce babu, dish ya goce ko waya ta sha ruwa. Wani lokacin kuma risibar ce tsohuwa, irin na da masu MPEG-2, tashar kuma ta koma sabon tsarin tura hoto, MPEG-4 ko H.265, sai kaji magana tana fita raɗau amma babu hoto, mutum yayi ta yawo wai a saka masa makulli alhali babu makullin da zai yi masa magani sai dai ya canza risiba. Tashar da take a kulle da gaske zaka ga alamar dala a gefen sunanta, sigina a cike kwaliti a cike, amma allo baƙi wuluk da ɗan rubutun turanci cewa a kulle take. To ita wannan ce ake ta ciniki a kanta.

Ga yadda abun yake. Tauraron ɗan adam yana can sama wajen kilomita 36,000, shi ba ruwansa da wanda ya biya da wanda bai biya ba, watso sigina yake yi kan duk ƙasashen da ya haska, dish ɗinka da na maƙwabcinka mai biyan kuɗin wata abu ɗaya suke kamawa idan wuri ɗaya suka kalla. Tunda ba a iya hana sigina sauka a gidan kowa, sai masu tasha suke hargitsa hoton da maganar tun daga wajensu kafin su harba sama. Tsarin lissafin da aka fi yin wannan hargitsawar da shi sunansa CSA, tun 1994 ake amfani da shi, kuma yana cikin kusan kowace risiba har da mai arahar nan. Ma'ana risibarka ta iya warware hoton tsaf, abu ɗaya take nema, wata 'yar gajeriyar lamba da masu harkar suke cewa CW. Ita ce makullin. In ta samu daidai hoto ya fito nan take, in harafi ɗaya ya kuskure babu abun da zaka gani. Duk wani suna da kake ji, BISS ne PowerVu ne Irdeto ne Conax ne Viaccess ne Nagra ne, bambancinsu yawanci a kan hanyar da wannan lambar take bi ta iso cikin akwatinka ne.

BISS shi ne mafi sauƙi kuma shi ne wanda yaran kasuwa suka fi sani. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ita ta fito da shi, kuma asali ba don mu 'yan kallo a gida aka yi shi ba, an yi shi ne don masu aiki, misali motar da take filin wasa tana tura hoto zuwa gidan talabijin, sai su yarda da lamba ɗaya tsakaninsu wannan ya saka wancan ya saka, ko da na'urorinsu ba kamfani ɗaya bane. Lambar haruffa 12 ce, daga 0 zuwa 9 da kuma A zuwa F, amma a risibobinmu gurbi 16 zaka gani, bibbiyu sau takwas, saboda na huɗu da na takwas jimlar ukun da suka gabace su ne, in ukun farko 11 da 22 da 33 ne to na huɗun 66 zai zama. Shi yasa wani zai kwafo lamba ya rantse daidai ya saka amma taƙi. Rauninsa shi ne lambar a zaune take bata canzawa da kanta, da zarar ta fita waje ta fita kenan har sai mai tashar ya canza da hannunsa. Kuma ko bata fita ba, yawan lambobin da za a iya haɗawa sama da tiriliyan 281 ne, a kunne kamar ba zai yiwu ba amma masu manyan kwamfutoci sun daɗe da samun hanyar lalubo ta. Wannan ne yasa a 2018 aka fito da sabon BISS mai tsarin kulle mafi ƙarfi da ake kira AES 128, har da nau'in da ake cewa BISS-CA wanda mai hoto yake iya buɗe wa wanda yaga dama ya rufe wa wanda yaga dama ana cikin wasa, shi wannan babu wata lamba da zaka danna da rimot ta buɗe shi.

A nan ne ake cutar mutane da yawa. Zaka ga tashar wata ƙasa kullum a buɗe, labarai da waƙe-waƙe da komai, ana zuwa lokacin kofin Afirka ko kofin duniya alƙalin wasa na shirin hura usur sai dala ta hau kanta. Ba mugunta bace, haƙƙin nuna wasan na cikin ƙasarsu kaɗai suka saya, tauraron kuma ya haska har Najeriya, dole su rufe ko masu wasan su ci su tara. Sai kaga an yi layi wajen mai dish ana biyan kuɗin saka lamba, gobe tashar ta canza a sake dawowa a sake biya. Na tambayi Alhaji ko yana wannan, yace shi ya daina, kuɗin da zai sa mutum ya dawo yana masa kallon macuci baya so.

PowerVu kuma wani mataki ne sama. Kamfanin Scientific Atlanta na Amurka ne ya yi shi, Cisco ta saye kamfanin a 2006, shi ma PowerVu ɗin na tura tashoshi ne zuwa ga kamfanonin kebul ba gidaje ba. Ya daɗe babu wanda ya taɓa shi sai wajen ƙarshen 2014 aka fasa shi, daga nan ne kwalayen risiba suka fara zuwa da rubutu ɓaro-ɓaro wai suna buɗe PowerVu har suna sabunta makulli da kansu. A lokacin an ga tashoshi kam, amma masu tashoshin ba barci suke ba, da yawa sun gyara tsarinsu ko sun koma wani. Har yau rubutun yana jikin kwali, nawa ma akwai, to kar wannan rubutun yasa ka ƙara ko sisi a kan farashi.

Sai babban, wato na masu kati, irin Irdeto da DStv suke amfani da shi. A nan makullin baya zama, kusan duk bayan daƙiƙa 10 ake canza shi. Kamar shago ne da ake sauya wa kwaɗo kafin ka gama zaro makullin daga aljihu. Sabon makullin yana tahowa tare da siginar a cikin wani ɗan saƙo da ake kira ECM, amma shi kansa saƙon a rufe yake, katin da yake cikin dikoda ko guntun da aka dasa a cikinta shi kaɗai yake iya buɗe shi ya miƙa wa dikodar lambar. Makulli biyu ake riƙewa, ana aiki da ɗaya na gaba yana jira, shi yasa mai biya baya ganin ko ƙyaftawa lokacin canji. Akwai kuma wani saƙon daban, EMM, wannan da lambar katinka yake zuwa, shi yake gaya wa katin cewa wane ya biya a buɗe masa kaza da kaza zuwa rana kaza. In ka taɓa biyan kuɗin wata aka ce ka bar dikoda a kunne na ɗan lokaci, to wannan saƙon ake jira ya sauko. Kaga kenan babu wata lamba guda da wani zai rubuto maka a takarda, ko ya rubuto kafin ka ɗauki rimot ta mutu.

To ina maganar saba, wato kwamfutar da take raba makulli ta intanet, da akawun ɗinta da ake sayarwa na wata shida ko shekara? Abun da suke yi shi ne, wani a wani wuri yana da katin gaske da ya biya, katin yana fitar da makulli duk daƙiƙa 10, shi kuma yana tura wannan lambar ta intanet zuwa risibobin mutane masu ɗimbin yawa. Hoton ta dish ɗinka yake zuwa, lambar kaɗai ce take bin intanet shi yasa baya cin data sosai, wannan ɗin gaskiya ne. Amma dole lambar ta iso kafin lokacinta ya ƙare, in sabis ya ɗan yi nauyi ko mutane suka yi wa sabar yawa sai hoto ya tsaya cak, kuma yaushe ne mutane suke yawa in ba lokacin babban wasa ba, wato daidai lokacin da ka sayi abun dominsa. Su kuma kamfanonin sun ɗaure kati da guntun cikin dikodarsa ta yadda lambar da ta fito bata aiki a wani akwatin, sannan suna iya fito da lambar kati a kan allo su gane wanda ake sata da shi su kashe shi. Ranar da aka kashe, akawun ɗinka na shekara ya tafi, wanda ya sayar maka shi ma saya yayi a wajen wani, babu wanda zaka riƙe. Duk wanda ya daɗe a harkar dish a garin nan ya san risibobin da aka yi yayinsu ana rububi, yau suna jibge babu mai tambayarsu.

Ni abun da ya fi damuna ma ba asarar kuɗin bane. Haƙƙin wasu ne, mutane sun zuba dukiya sun sayi izinin nuna abu, kai kuma ka zagaya ta baya, ko me za a kira shi zuciya ta san ba daidai bane. Kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023 ta hana karya irin wannan kariyar ƙarara. Masu gidan kallo su suka fi kowa shiga haɗari don su a bainar jama'a suke nunawa suna karɓar kuɗi. Na san kuɗin wata yayi tsada, kowa yana ji a jikinsa, ni ma shi ya kawo ni ga risibar kyauta, amma tsadar abu bata mayar da shi naka.

Yanzu aikin da suka yi min. Dish biyu aka ɗaura, babba yana kallon tauraron Nilesat a digiri 7 yamma, ɗayan kuma Eutelsat a digiri 16 gabas inda ake samun Arewa24, aka haɗa su da ɗan suwic ɗin DiSEqC mai haɗa dish biyu a risiba ɗaya, waya ɗaya ta shigo ɗaki. Yaron da ya jagoranci aikin ya iya hannunsa, da mita ya zo ba wai ya ɗora talabijin a tsakar gida ana ta ihun ya kawo bai kawo ba. Na so a kafa a saman kwano yace a'a Yaya, iskar farkon damina zata juya shi, gara a jikin bango, ya huda ya ɗaure da ƙusoshi masu kauri ya naɗe bakin wayar da salatif ya lanƙwasa ta ƙasa yadda ruwa ba zai gangara cikin LNB ba, wato ɗan kan nan da yake gaban dish yana karɓar sigina. Kuma maganarsa ta tabbata, duk guguwar da aka yi dish bai goce ba. In hadari ya haɗu sosai ko ana tsuga ruwa irin na Agusta hoto yana kakkarye ya ɗauke, wannan ba laifinsu bane halin Ku band ne, wato irin siginar da dish ɗinmu yake kamawa, ruwa yana cinye siginar, yana tsagaitawa take dawowa.

Tashoshin da suke a buɗe kuwa wlh sun ishi gida. Makka da Madina kai tsaye dare da rana, wanda mahaifiyata bata yarda a canza in ta zauna, tashoshin wa'azi na Hausa, Aljazeera, su MBC na finafinai da na Indiya da na yara, ga labarai kala-kala. Babu ranar da wani zai turo maka saƙo wai kuɗinka ya ƙare.

Ita risibar ƙaramar ce ta China, tana ɗaukar sababbin tsarukan nan, DVB-S2 da H.265, hoto garau ta HDMI, sikanin ɗinta na laluben tashoshi da kanta yana da sauri kuma baya tsallake masu raunin sigina sosai. Abun da na fi so wutar 12V take ci, in Nepa sun ɗauke batirin sola yana riƙe ta da ƙaramar talabijin ba tare da an tada janareto ba. Tana da wajen filash, kana iya ɗaukar shiri ka kalla daga baya.

Inda take da matsala, zafi. A watan Afrilu in ta daɗe a kunne a bayan talabijin sai ta ɗau zafi kamar me ta fara nauyi wajen canza tasha, sai da na fito da ita fili inda iska take. Rimot ɗin kuma na banza ne, roba mara nauyi, maɓallan sun fara shafewa da wuri, kuma sai ka saita shi daidai idon kafin ya ji. Jerin tashoshin da ta zo da shi a hargitse yake, masu dala sun fi rabi, na zauna na goge su na jera na kyauta, akwai ma wajen da zaka zaɓa tun a sikanin cewa na kyauta kaɗai take kamowa, ka ce wa mai haɗawa ya zaɓi wannan tun farko ka huta.

Shagon ma ga nasu. Alƙawarin safe suka yi min basu zo ba sai bayan la'asar, kuma babu wanda ya kira ya bada haƙuri sai da na yi ta nema. Wayar da suka fara kawowa irin mai arahar nan ce, ƙarfe ne a ciki aka shafa masa jan ƙarfe a sama, na gane ne da na kanga mata maganaɗisu ya kama, nace a canza, an canza amma da ƙarin kuɗi kuma ba a gaya min tun a shago cewa waya kala biyu bace. Ga Alhaji da ya tsaya ya faɗa min gaskiya a kan makulli, na so ace a nan ma haka aka yi. Rasit kuma sai da na roƙa, garantin baki ne kawai, in ta samu matsala ka kawo. Wannan bai isa ba a kayan wuta.

Wani abu da Alhaji ya ja min kunne a kai kuma na ga amfaninsa, maganar afdet. Mutane suna sauko da manhaja daga duk inda suka gani wai sabuwa ce mai buɗe tashoshi, su ɗura wa risiba ta filash, in ba ta ainihin samfurin bace ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗurawa shikenan risiba ta sume, fitila ja kawai zaka gani, sai an kai ta an jona da kwamfuta ta wayar loda, wata ta tashi wata bata tashi. A shagon akwai tarin irinsu a gefe da masu su suka kawo. Ni tawa ban taɓa mata manhajar ba tunda tana aiki, abun da na yi kawai na adana jerin tashoshina a filash, ko yara sun yi wasa da rimot sun goge sai in mayar cikin minti ɗaya.

Farashi ban saka ba saboda kayan nan da dala suke tafiya, na wannan watan daban na wata mai zuwa daban, ka zagaya shago biyu uku ka ji kafin ka tsaya. In zaka je wannan layin, ka sa a kunna maka risibar a gabanka a nuna maka tasha mai H.265 tana fita da hoto, ka tambayi kuɗin waya mai jan ƙarfe zalla daban, ka tabbatar kuɗin ɗauri da suwic da ƙusoshi duk suna cikin lissafi, sannan a rubuta maka rasit da lambar jikin risibar kafin ka bar shagon.